Gaba Goma Sha Tara

Na ga saƙonninku. Wata a cikinku ta ce boko ne ya kumbura mini kai, wani kuma ya ce in ji tsoron Allah in bi uwata. Na karanta duka, ban goge ko ɗaya ba. Amma kafin ku ƙarasa yanke mini hukunci, ku gyara zama ku ji abin da ya faru daga Asabar zuwa Litinin. Ba tausayi nake nema ba. Ni Senka ce 'yar Radoje, a gidanmu ba a koya mana roƙo ba.

A ƙauyenmu idan aka tambayi mutum 'ya'yansa nawa, maza yake ƙirgawa. Mai ɗa ɗaya da mata uku zai ce maka ɗaya, sannan ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa akwai kuma 'yan mata, a yi haƙuri. Babana bai taɓa yin haka ba. Yatsu biyu yake ɗagawa, waɗanda igiya ta tsattsaga, ya ce biyu, Vukota da Senka. Sai a yi dariya a ce Radoje bai iya ƙirga ba.

Ya rasu a watan Oktoba. Ya bar gidan dutsen da muka tashi a ciki, da ɗakin bandar kifi a bakin tabki, da gaɓar da ke kallon idon ruwa. Idon nan rami ne a ƙarƙashin tabkin, gindin dutse, inda ruwa mai ɗumi ke ɓuɓɓugowa. Idan sanyi ya shigo, ƙananan kifin nan masu ƙyallin azurfa da muke kira ukljeva can suke taruwa, har sai ka ga ruwan ya yi baƙi. Da su aka ciyar da kakana, da su aka biya mini makaranta. Doka ta ce gadon kashi uku ne, Mama da Yaya Vukota da ni. Al'ada ta ce 'ya mace abincin wani gida ce: ta je gaban lauya ta ce ta yafe wa ɗan'uwanta, a shafa mata kai a ce 'yar halak. Ranar Litinin aka sa mana.

Ga sababbin da suka shigo labarin yanzu, shekara uku ke nan ina kan kundin digirina na biyu a makarantar sufurin ruwa ta Kotor. Tambaya ɗaya nake bi: za a iya ɗauko kaya daga teku ta kogin Bojana a shigo da su tabkin Skadar, a rage manyan motocin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa ta Bar, ba tare da an kashe tabkin ba? Amsar da na samu ita ce za a iya, da ƙananan jirage waɗanda ba sa buƙatar ruwa mai zurfi, a kuma kafa matsayarsu can inda ƙasan tabkin laka ce zalla. Amma duk wanda ya yashe ruwa ko ya kafa turaku kusa da idon, laka za ta toshe shi, kifi ya watse, ba kuwa zai dawo ba.

A wajen gabatar da wannan ne, a wani taro a Bar, na haɗu da Mitar. Injiniya ne a wani kamfani mai gina matsayar jirage. Dogo, mai magana a hankali, rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke dutsen guga a kanta. Shi kaɗai ya yi mini tambaya mai ma'ana a ranar. Kyaftin yake ce mini. Kowace safiya wayata na yin ƙara na san shi ne: "Kyaftin, yau ina za mu auna?" Da ciwon huhu ya kwantar da Baba, Mitar ne yake tuƙa mini jirgi ranakun hutu, ni ina riƙe da na'urar auna zurfi. Shekara guda cur.

Fitar Baba ta ƙarshe a ruwa cikin Satumba ce, ni da shi kaɗai. Da muka kai kan idon sai na'urar ta rikice, ruwan da ke tasowa ya hana ta karatu. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in ajiye wannan abin wasan. Ya jawo igiyarsa mai darma a baki, wadda ya ƙulle gaba gaba da faɗin hannuwansa, ya dinga saki yana ƙirgawa. Goma sha tara. Na rubuta goma sha tara a taswirata, a tsakiyar lambobin da duk mita ne. Daga baya na ankara na gyara a wadda na kai wa malamata, na sa mita talatin da huɗu. Tsohuwar kuwa na bar ta yadda take, don ita ce lambar ƙarshe da ta fito daga bakin babana. Wannan tsohuwar na tura wa Mitar ranar da ya ce yana son ganin aikin hannun masoyiyarsa. Ku yi dariya, na cancanta.

Ranar Asabar aka yi kwana arba'in. Muka je coci, muka kunna kyandir, muka kai dafaffiyar alkama kan kabari, aka dawo gida aka ci kifin da Mama ta gasa da albasa. Ina sanye da baƙar riga har ƙasan gwiwa, baƙar safa, da baƙin ɗankwalin siliki da Mama ta ɗaura mini da hannunta ranar jana'iza, na kakata ne. Da baƙi suka ragu, Baffa Blagota, yayan Baba, ya share gashin bakinsa ya ce Litinin ƙarfe goma ne, kowa ya zo da katin shaidarsa, abin ba zai ɗauki minti goma ba. Bai ma kalle ni ba. Na ce zan duba.

Cokali ya tsaya a hannun kowa.

"Farfesa za ta duba," in ji Yaya Vukota. "A ɗauko mata na'ura ta auna mu."

Baffa ya ce kakata ta yafe, gwaggona ta yafe, tun da aka kafa gidan nan ba macen da ta ɗauki ko tsakuwa ta kai gidan wani, kuma ba a kaina za a fara ba. A madafa Mama ta tare ni tana goge tukunya kamar tukunyar ce ta yi mata laifi. Ta ce ita bishiyar zaitun arba'in ta bar wa 'yan'uwanta, ga ta nan ba ta mutu ba. A raina na ce kin mutu kaɗan, Mama, shekara talatin ba ki taɓa bi ta hanyar gonar nan ba. Ban faɗa ba.

In gaya muku gaskiya, a ranar niyyata in sa hannu. Ni ba gida nake so ba, ba fili ba. Na samu Yaya a tsakar gida yana shan taba a gindin rumman, na ce masa abu ɗaya nake nema, ya yi mini alkawarin gaɓar nan ba za ta bar hannunsa ba. Direban babbar mota ne a tashar Bar, kwantena yake ja, rabonsa da jefa taru tun yana saurayi. Ya jefar da tabar ya taka, ya kama kafaɗuna.

"Haba ƙanwata. Na rantse da kabarin da muka baro ɗazu, ko dutse ɗaya ba zan sayar ba."

Har na yi kuka a ƙirjinsa. Wannan ma ku rubuta a cikin wautata.

Lahadi ce ranar da Mitar zai zo da kawunsa neman aurena. Saboda makoki ba kiɗa, ba harbin bindiga, magana kawai za a ajiye, biki sai an cika shekara. Da safe Mama ta miƙo mini baƙar kwat ɗin Yaya ta ce in goge. Na ɗora dutsen guga sai na ji abu yana ƙara a aljihun ciki. Takarda ce mai sheƙi, an ninke ta huɗu.

Hoton gaɓarmu ne, amma ba irin wadda na sani ba. Doguwar matsayar jirage ta siminti ta miƙe cikin ruwa, ga injin ɗaga kaya, ga kwantenoni ja da shuɗi an jera. Inda ɗakin bandar Baba yake an zana wurin ajiye motoci. A ƙasa sunan kamfanin, da sunan babban injiniya, Mitar. A shafi na biyu taswirar zurfin ruwa. Ban buƙaci a gaya mini ta wa ce ba, na san kowane layi kamar zanen tafin hannuna. Na bi da yatsa har kan idon. Goma sha tara. Sun ƙara masa "mita" a gefe, sun kuma zana turakunsu a kai, daidai da wannan tsawon. A bayan takardar da rubutun Yaya, mai kama da tafiyar kaza: Litinin, bayan lauya, ƙarfe biyu.

Ƙauri ne ya dawo da ni, na kusa ƙona hannun kwat ɗin. Na ɗauki hoton takardar da waya, gaba da baya, na ninke ta na mayar. Na ƙarasa gugar tsaf, har da karin hannu. Wayata ta yi ƙara. "Kyaftin, gabana sai faɗuwa yake yi. Ki sa mini sukari da yawa a gahawa." Na amsa masa da cewa zan sa.

Da rana tsaka suka iso. Kwalbar giyar inabi, furanni, da jar tuffa da aka soka zobe a jikinta, aka ajiye ta a tsakiyar tebur a kan farin ƙyalle. Idan yarinya ta kawo gahawa ta ɗauki tuffar, ta amince ke nan. Ina bakin ƙofa da faranti lokacin da Mitar ya miƙe, ya gyara maɓallin kwat, ya ce yana da magana ɗaya kafin komai.

"Baffa, a gidanmu ba ma aure don fili. Senka nake so, da rigar jikinta. Ko taku ɗaya na gadon marigayi ba zai shiga gidanmu ba, ta bar wa yayanta kamar yadda iyaye suka yi. Kada gobe a ce Mitar ya zauna a kan kujerar surukinsa."

Baffa Blagota ya tashi da hawaye a ido ya sumbace shi sau uku a kumatu, yana cewa ashe har yanzu ana haihuwar maza. Yaya yana ta gyaɗa kai yana kallon silin. Ni kuwa na tsaya ina mamakin gwaninta. Mutum ya ɗauki mutuncin kakanninmu ya yi ƙugiya da shi, kifayen kuma suna tafa masa.

Na raba gahawa. Tasa na cika ta da sukari har cokali yana tsayawa. Ban taɓa tuffar ba. Na ce ina son magana da shi a waje. Mama ta harare ni, kawunsa ya yi dariya ya ce yaran zamani ke nan, sai sun yi taro kafin su ce to.

Muka gangara bakin ruwa. Bado duk ya bushe, tabkin ya yi launin toka. Na tambaye shi, kamar da wasa, zurfin idon nan nawa ne.

"Mita goma sha tara. Ke fa kika auna, Kyaftin."

"Haka ne," na ce. Sannan na miƙa masa wayar.

Na zaci zai firgita. Ko gira bai ɗaga ba. Ya kalli hoton, ya miƙo mini, ya sa hannu a aljihu. Ya ce dama bayan Litinin zai gaya mini. Ya ce aikin nan zai ɗauki mutum ɗari biyu, Vukota zai daina kwana a mota a layin tasha, ƙauyen da samari suka gudu suka bar wa tsofaffi zai farfaɗo. Ya ce kundina kyakkyawa ne, mutum huɗu za su karanta shi, biyu daga ciki don an biya su ne. Matsayar da na ba da shawara a can cikin laka sai an gina mata hanya mai tsawo, tasu kuwa ga titi a bayan gidanmu. Kifi kuma, in ji shi, ana kiwonsa a kwatami yanzu.

"Yaushe ka fara sona? Kafin ka ga taswirar ko bayan ka gani?"

Ya juya ya kalli tabkin. Wannan kam zan yi masa adalci, bai yi mini ƙarya ba.

"Sunan ƙauyenku na fara gani a takardar taron. Amma zoben na gaske ne, Senka. Mutum yana iya son abu biyu."

Na ce to ya ɗauki ɗaya ya bar mini ɗaya. Ya yi murmushin nan da na shekara ina mafarkinsa, ya matso ya gyara mini ɗankwali a goshi.

"Shekarunki ashirin da tara. Duk gaɓar nan an san kin shekara kina shiga jirgi da ni, mu biyu, ba kowa. In na fita daga gidanku da tuffata a aljihu, wa kike tsammani zai shigo da tasa?"

Masu karatu, ban mare shi ba. Hannuna ya so, na hana shi. Na koma ciki na ce wa dattawa amsata sai bayan Litinin, 'yar da ba ta gama da gidan ubanta ba ba ta ɗaukar tuffar wani gida. Baffa ya ɗauka ladabi ne, har ya sa mini albarka. Suka tafi suka bar tuffar a kan tebur.

Abin da ya fi ciwo yana gaba. Da gida ya yi shiru na samu Mama tana wanke kofuna, na ce ta dubi wani abu. Na ɗora wayar a gabanta. Ba ta juyo ba.

"Na sani," ta ce.

Ta ce tun kafin a binne Baba ta sani. Ta ce jikokinta biyu suna ɗakin haya a Bar, bango yana tsatsar ruwa. Ta ce ruwan nan da nake bauta wa shi ya cinye huhun mijinta, shekara arba'in yana fita cikin sanyi yana dawowa jiƙe, ita tana banda har idanunta suka lalace da hayaƙi, ba ta ga abin da idon ruwa ya taɓa yi mata ba. In sun so su zuba masa siminti har baki. Na ce Yaya ya rantse da kabarin Baba. Ta ce rantsuwar da aka yi wa mace don a kwantar mata da hankali ba rantsuwa ba ce. Sannan ta ɗauraye hannu ta ce an samo mini miji mai aiki, mai mota, wanda ya yarda ya ɗauke ni da bokona da bakina, in ban gode ba kada in tona musu asiri a gaban lauya.

"An samo mini?"

"Da kin zaci daga sama ya faɗo?"

Ban san iya abin da take nufi ba, har yanzu ban sani ba, kuma ban tambaya ba. Akwai rijiyar da ba a leƙawa.

Litinin muka tafi Bar a motar Yaya, ni da Mama a baya, Baffa a gaba yana ba da labarin zamanin da yake aikin ɗaga kaya a tasha. Ofishin lauyar da kotu ta ɗora wa rabon gadon yana hawa na biyu, ta taga ana hango injinan tashar suna ɗaga kwantenoni kamar 'yan akwatunan ashana. Mace ce mai furfura da tabarau a kan hanci. Ta karanta abin da Baba ya bari. Ta tambayi Mama, Mama ta ce ta yafe wa ɗanta. Ta tambayi Yaya, ya ce ya karɓa. Ta juyo kaina, har ta fara jawo takardar yafewa daga ƙasan sauran, don ta saba. Ta ce doka ta wajabta mata ta gaya mini cewa wadda ta yafe ba ta dawowa ta ce ta fasa. Yadda ta faɗa, ka san ta faɗa sau dubu ba wadda ta saurara.

Yaya ya duba agogo. Ƙarfe biyu yake jira.

"Na karɓi rabona," na ce.

Lauyar ta ɗago ta cire tabarau. Ta ce in sake faɗa. Na sake, da ƙarfi yadda sakatariyar da ke ɗakin waje za ta ji. Ta mayar da waccan takardar ƙasa, ta jawo wata. Ta bayyana musu cewa tun da ba a yanka filin ba, ina da kashi ɗaya cikin uku a kowane dutse da kowace taga, ba mai kafa ko turke ɗaya a gaɓar sai da sa hannuna.

Baffa bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya ɗauki hularsa ya ce ɗan'uwansa ya yi kwana arba'in da biyu a ƙasa, yau ne aka binne shi. Yaya ya sunkuyo daidai kunnena ya kira ni da sunan da ba zan rubuta a nan ba, ya ce in je in auri kifin. Na sa hannu.

Kafin a rufe, lauyar ta ce Mama ta tabbatar mata, don a rubuta, cewa marigayi bai bar wasu 'ya'ya ba bayan waɗannan biyun. Mama ta gyara jakarta a cinya.

"Ɗa ɗaya muka haifa."

Lauyar ta ce takarda ta nuna biyu.

"Takarda ta san nata. Ni ɗaya na sani."

Suka sauka suka shiga mota. Ina tsaye a bakin titi suka wuce, Mama tana kallon gaba. Na taka zuwa tashar jirgin ƙasa, na hau mai zuwa Virpazar, daga can na ƙarasa da ƙafa cikin yayyafi. A hanya saƙon Mitar ya shigo: "Kin yi kuskure, Kyaftin. Fili kotu tana iya yanka shi, ki tambayi lauyarki. Alhamis za a ji ra'ayin jama'a a kan aikin, daga nan sai izini. Ki zo ki ga yadda ake gina ƙasa."

Da la'asar na isa gida. Ƙofar gidanmu, wadda ban taɓa ganin ta a kulle da rana ba, an sa mata sakata ta ciki. Ban ƙwanƙwasa ba. Kayana suna can ƙasa a bakin ɗakin banda: akwatina, da littattafaina an cusa su a buhun kifi, ruwa yana sauka a kai. A saman akwatin an zuba wani abu kamar tarin macizai. Igiyar Baba ce. Yaya ya bi ta da wuƙa, ƙulli bayan ƙulli, ya yanka ta gunduwa gunduwa, ya ɗora darmar a kai kamar kwalliya.

Na zauna a kan dutsen da Baba yake zama yana gyaran taru. Ban san daɗewar da na yi ba, sai na ji taku a kan tsakuwa. Mama ce take gangarowa, a hankali saboda gwiwarta, ba lema. Zuciya ba ta da kunya, masu karatu. Duk da abin da ta faɗa a gaban lauya, sai da na duba hannunta ko ta riƙo mini abinci.

Hannunta wayam. Ta tsaya taku uku daga inda nake, ta miƙo shi.

"Ɗankwalin. Baƙin nan na masu makoki ne, na 'yan gida."

Na kwance shi. Na ninke shi huɗu yadda ta koya mini, na ɗora a tafinta. Iska ta bugi kaina, gashina ya jiƙe nan take. Ta juya ta fara hawa.

"Mama, Baba idan aka tambaye shi 'ya'yansa, nawa yake cewa?"

Ta ɗan tsaya. Na ga kafaɗarta ta motsa. Sannan ta ci gaba da hawa, ba ta waiwayo ba. Na ɗaga mata yatsu biyu a bayanta har ta shige, na ji ƙarar sakata.

Ɗakin banda ba shi da makulli, bai taɓa yi ba. Na ja kayana ciki, na hura wuta a murhun Baba, na shanya littattafan a kan sandunan da ake rataye kifi. Kashi ɗaya cikin uku na wannan hayaƙin nawa ne, ba mai kore ni. Na kwaso guntayen igiyar na baje a ƙasa, sai na lura da abin da fushi ya hana Yaya gani. A kan ƙulli ya yi ta yanka. Kowane guntu tsawonsa gaba guda ne cif, faɗin hannuwan babana daga yatsa zuwa yatsa. Na ɗauki ɗaya na buɗe hannuwana, bai ƙare ba sai da ya wuce ni da kusan taƙi biyu.

Kamfanin Mitar zai tsaya ranar Alhamis a gaban jama'a da hukuma ya ce shi ya auna tabkin nan da kansa, ya samu mita goma sha tara a kan idon, ya yanka turakunsa daidai da haka. Ni kuma zan nemi abu ɗaya tak: a shiga jirgi, a saki darma, kowa yana kallo. Ko hakan zai hana su izini, ban sani ba. Ko da ya hana, ba zai buɗe mini waccan ƙofar ba. Wannan na sani.

Na fara ƙullawa, irin ƙullin masunta da ba ya zamewa. Yatsuna sun yi sanyi, igiyar tana yanka su, ina ƙirgawa da ƙarfi yadda yake yi. Da na kai na goma sha tara na ɗauki waya na rubuta wa Mitar: "Zan zo. Kada ka manta da taswirarka."

Nan take ya amsa. "Tuffar tana nan a kan teburinku. Har yanzu kina iya ɗauka."

Na kife wayar a kan akwati, na jawo guntu na ashirin.